Wuƙar da Kawu Ya Saya da Karsana

Tun daga farko gara in faɗa, ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Wasu daga cikin abubuwan da zan kawo na gan su da idona, wasu kuwa daga bakin Inna, mahaifiyata, na ji su, ita kuma ƙanwar mamacin ce uwa ɗaya uba ɗaya, ba za a ce ba ta da ɓangare ba. Shekarun da na yi a lakwal, wato makarantar boko, da waɗanda na ƙara a makarantar malamai, sun nisanta ni da gida, saboda haka mai yiwuwa ne na sa abin da ya faru da rani a cikin damina, ko na ba wani maganar wani. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Akwai kuma wuraren da raina yake ɓace, na yi ƙoƙarin dannewa ban iya ba, sai mai karatu ya rage abin da ya ga ya yi yawa.

Kawu ya rasu bayan an gama kai gero rumbu, a garinmu da ke bisa dutse tsakanin Buza da Allakaye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na iso daga Madawa, inda nake koyarwa, an riga an kai shi. Abin da na tarar a ƙofar gida ya fi abin da na zata. Ban da mutanen gari, akwai Fulani da Buzaye da ban san su ba, wasu tun daga wajen Keita, sun durƙusar da raƙuma sun zauna can gefe. Wani tsohon Bafillace ya kama hannuna ya ƙi saki, ya ce, “Yanzu in nagge ta hwaɗi, wa za mu kira?” Saniya yake nufi. A cikin gida matar Kawu ba ta kuka. Tana zaune ta ƙura ido bakin rumbu, inda dutsen washinsa yake.

Kashegari taubashinsu ya zo. Ɗan gwaggon su Kawu da Inna ne, tare suka tashi, yanzu kuwa babban mai fataucin fatu ne, da raƙuma, da gida a Madawa. Ba zan ambaci sunansa ba, duk wanda ya san gidanmu ya san shi. Ya zo bisa farin doki, ya sauka, aka yi addu'a. Da aka shafa sai ya gyara zama, ya fara abin da al'ada ta ba shi dama.

“Allah shi jiƙan bawana,” in ji shi. “Amma ku hwaɗi gaskiya, duk ƙasar Adar kun taɓa jin wanda yab ba da karsana yak karɓi ƙarhe tsawon tahin hannu? Da ba mu tsare shi ba, da gona ma ya ba da don allura.”

Aka yi dariya. Ban ga laifin masu dariyar ba, taubashi ne, mamacin kuma tsoho ne, an saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, yana duban liman: “Alhamdu lillahi, ni da shi mun yahe ma juna tun da daɗewa.”

Wannan ba gaskiya ba ne. A nan na tabbata. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada labarin Kawu ya zauna a bakin mutumin nan, a riƙa tuna shi a wawan da ya sayi wuƙa da karsana.

Gaskiya ne ya ba da karsana. Ina ƙarami ƙwarai a lokacin, Inna ce ta ba ni labari. Akwai wani tsohon maƙeri a wani ƙauye wajen Keita, cikin na ƙarshen masu narka tama, waɗanda ke haƙo dutse su fitar da ƙarfensu da kansu. A lokacin guntayen ƙarfen Turawa sun fara shigowa kasuwa, wuƙa ta yi araha, da 'yar kaza ma sai ka samu. Kawu ya ƙi. Ya je ya zauna wurin tsohon, ya faɗa masa irin aikin da yake so ta yi. Tsohon ya auna tafin hannunsa da damtsensa, ya ce ya dawo bayan kaka. Ba ta da wani ado. Baƙa ce, mariƙinta na itacen marke, kubenta na jar fata mai zobe, wanda ake zura hannu a ciki har damtse.

Kakata, uwarsu, ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba. Inna ta ce da ta buɗe baki cewa ta yi, “Karsana tana haihuwa. Wagga mi za ta haihwa maka?”

Kawu ya ce, “Iya, karsana ɗaya nib ba da. Ki bari ki gani shanu nawa za ta maido.”

Abin da yake nufi ya fito daga baya. A ƙasarmu dabba takan faɗi ba shiri. Ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura, ko ta zame daga bisa dutse, ko haihuwa ta gagare ta. In an samu an yanka ta da sauran rai, nama ne, mai ita ya rage asara, gari ya ci. In an makara mushe ce, sai ungulu. Tsakanin biyun nan wani lokaci ɗan numfashi ne kawai, Kawu kuwa ya zama mutumin da ake kira a cikin wannan numfashin. Ba mahauci ba ne, manomi ne kamar kowa, da 'yan bisashensa. Amma ko yana tsakiyar noma aka ƙwala masa kira daga tsallaken kwari, zai yar da hauya ya ruga. Na sha ganinsa yana ɓoye wuƙar a bayansa har sai ya dafa wuyan dabbar, wai kada ta gani. Ja ɗaya yake yi, ba ya maimaitawa. Wuyan da al'ada ta ba mai yanka bai taɓa kai shi gida ba. Akwai wata tsohuwa makauniya a bayan masallaci, can yake aikawa.

Bai taɓa yanka igiya da ita ba, ko goro, ko farce. Yana da wata ta kasuwa don irin wannan. Ran Juma'a da hantsi yakan zauna bakin rumbu ya wasa ta a hankali, ya gwada a gashin hannunsa. In 'ya'yansa suka zo suna masa surutu sai ya ce, “Ku tahi can, ina wasa.” Su ce, “To Baba mu yi tare.” Ya ce, “Wanga wasa ba na yara ba na.”

Da na gama karatu aka ba ni aji, mutane suka fara ce mini mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a nan. Kawu ya yi dariya har da hawaye. “Duk rayuwata ina gudu don kada abin mutane shi zama mushe, ga ɗan ƙanwata sun maishe shi mushe ina zaune.” Har ya rasu da sunan yake kirana, kuma ban taɓa jin zafinsa a bakinsa ba.

Yanzu ga abin da taubashin bai faɗa ba a wurin zaman makoki. Kafin yaƙin Turawa ne da 'yan shekaru, in ban ruɗe ba, a watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna da wasa. Kowa ya san dokar. Taubashinka na iya fizge hularka ko takalminka ko ma akuyarka, ba ka da ikon fushi, sai ka fanshi abinka da goro ko ɗan wani abu, a yi dariya a rabu. Ranar kasuwa ce, Kawu na alwala, ya naɗe hannun riga. Taubashin ya zo ta baya ya zare wuƙar daga kube, ya ɗaga ta sama yana cewa, “Bawa da wuƙa? Wa yab ba ka izini?” Kawu ya yi dariya tare da kowa. Inna na wurin da tallar fura, ta ce har cewa ya yi, “Riƙe ta da kyau, ta hi ka tsada.”

Kashegari ya tafi da goro don ya fanshe ta. Aka ce taubashin ya wuce Madawa. Da ya dawo sai ya ce wani Anasara, wato Bature, mai sayen fatu, wanda yake yi wa dillanci, ya gan ta ya ce a bar masa ya duba, za a maido. Ya miƙa wa Kawu wata wuƙar butik, irin ta kanti, mai ƙyalli, mariƙinta fari kamar haure, da rubutun Turawa a jikinta. “Riƙe wagga kahin a kawo taka. Ta ma hi taka kuɗi.” Wataƙila a nan bai yi ƙarya ba, an ce tana da tsada.

Wata ya wuce, shekara ta wuce. Kawu ya kai magana wurin dattawa, aka ce masa haba, wasan taubashi ne, ba a kai shi gaban manya. Ya je wurin mai gari, mai gari ya yi murmushi ya ce tun kakanni ba a taɓa shari'a tsakanin taubasai ba. Duk inda ya juya maganar nan ce ke tare shi, wasa ne. A cikin shekarar kuma taubashin, wanda ko jaki ba shi da shi, ya sayi raƙumi. Mutane suka ce Allah ne ya buɗa masa.

Dole in yi adalci a nan, ko da ba na so. Kawu ma yana da nasa taurin kan. Tsohon maƙerin ya riga ya rasu, amma da ya so da ya samu wata wuƙar kirki wurin maƙeran Buza. Ya ƙi. Ya ce ranar da ya sayi wata, ranar ce ya yarda tasa ta tafi. Ya zura ta butik a cikin tsohon kuben, tana ta kwaramniya don ba ta cika shi ba, ya ci gaba da amsa kira. Ga awaki da tumaki tana yi, sai dai kullum sai an sake wasa ta. In saniya ce yakan ari ta mai dabbar ko ta mahauci.

Sai shekarar nan ta tsakiyar yaƙi, da aka rufe hanyar kudu, gero ya ɓace daga kasuwa, ruwa kuma ya sauka ya ɗauke. Ina gida, hutuna na farko bayan an ba ni aji. Mutane na cin anza da tafasa. Abin da ya rage wa Kawu saniya ɗaya ce. Matarsa ba ta daɗe da yaye ɗiyarsu ta ƙarshe ba, yarinyar ta rame sai ido.

Muna noma a kwari, nesa da gari, sai muka ji saniyar ta yi wani irin kuka. Ashe ta tsinke ta shiga gyauro. Kafin mu isa ta kwanta, cikinta kamar ganga. Kawu ya duba idonta ya ce, “Mushe, kama ƙaho.” Bai lura da abin da ya faɗa ba, ni ma sai daga baya.

Na kama. Muka juya ta gabas, ya yi bisimilla, ya ja. Wuƙar ta ratsa fata ta kama maƙogwaro, saniyar ta fizga, sai na ji ƙas. Ƙarfen ya karye daga gindin mariƙi. Kawu ya tsaya da farin mariƙi a hannu. Ya nemi ya kama guntun da yatsu ya ƙarasa, jini ya sa yana zamewa, har ya tsaga tafinsa. Ta kasuwar tana gida. Na ruga gari da irin gudun da ban taɓa yi ba, na dawo da wuƙa, liman na biye da ni. Muka tarar ta daɗe da yin shiru.

Liman ya duba wuyan, ya ga jijiyoyin ba su yanku ba, ya sunkuyar da kai. Ya ce mushe ce. Ya ƙara da cewa wanda yunwa ta kai bakin halaka shari'a ta yi masa sauƙi. Amma wa zai fito gaban gari ya ce gidansa ne ya kai? Kawu kam ba zai iya ba. Muka tsaya muna kallon ungulaye na sauka a kan naman da in an yanyana an shanya, zai kai gidanmu da na maƙwabta har tumu.

Yarinyar ta rasu kafin gero ya nuna. Ba zan ce rashin naman nan ne ya kashe ta ba. Akwai zawo a garin shekarar, yara da yawa sun tafi, har na gidajen da ke da abinci. Na faɗa wa Kawu haka, ba sau ɗaya ba. Ya ce, “Kai ka yi karatu, tunaninka daban. Ni nawa na gama.” Ya ɗauko guntun mariƙin ya mayar cikin kube. Taubashin ya zo gaisuwa, da ya ji yadda aka yi, Inna ta rantse abin da ya ce shi ne, “To bawana, kai ma ka cika ƙarhin hannu.”

Bayan an gama yaƙi aka maido ni Madawa. Anasaran nan mai sayen fatu ya nemi wanda zai faɗa masa sunayen kayan da yake tarawa da Hausa, aka tura ni. Bango guda na ɗakinsa takubba ne da wuƙaƙe da masu, na Buzaye masu jan ƙarfe da farin ƙarfe, na Tubawa, na Barebari, an goge su suna walƙiya. A can ƙasa kusa da kusurwa ga wata baƙa ba kube. Ban bukaci a faɗa mini ba. A jikin mariƙin akwai gurbin da babban yatsan Kawu ya ci.

Mutumin bai yi mini rashin kirki ba, dole in faɗa. Ya sauko da ita da kansa, ya ce duk bangon ita ya fi so, don sauran an yi su ne don ado, wannan kuwa ana ganin hannun mutum a jikinta, kuma irin ƙarfen ba za a sake yin sa ba. Na tambaye shi, da iyakar ladabin da zan iya, ko aro aka ba shi. Ya yi mamaki. Ya ce saya ya yi, a hannun dillalinsa, a ranar da ya fara ganinta, kuma abin da ya biya ya isa raƙumi. Dillalin ya ce masa ta wani kakansa ce da ya mutu. Ya ƙara da cewa, yana alfahari, tun da ta zo hannunsa ba ta taɓa komai ba, mai kawai ake shafa mata. Na roƙe shi ya sayar mini. Ya yi dariya ya ce abin da ya hau bango ba ya sauka.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko akwai wuƙar da ta cancanci karsana, balle raƙumi. Ba ni da amsa mai ƙarfi. Mai yanka albasa da igiya ta kasuwa ta ishe shi, kuma kakata ba ta yi wauta ba da ta yi fushi. Anasaran ma a nasa hankalin bai yi asara ba, yana kallon abinsa kullum yana jin daɗi. Abin da na sani kawai shi ne na taɓa riƙe ƙahon saniya a ranar da ake bukatar jan farko ya zama na ƙarshe, kuma a ranar wuƙar da za ta iya tana rataye a bango ana shafa mata mai.

Na yi jinkiri kafin in faɗa wa Kawu, don na san shi. Da na faɗa, sai da ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya ce, “A ranar? Tun kahin in kai goro?”

Na ce haka Anasaran ya ce.

“Kuma ba a yanka da ita?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To ita ma sun maishe ta mushe.” Bai yi dariya ba wannan karon.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, kuma shi ne abin da wasu ke riƙe da shi a kan Kawu. Taubashin na da gonar gado a kwari, iyaka ɗaya da ta Kawu, can ya sa aka turke masa wani babban sa. Da damina ya zo duba shi, aka yi rashin sa'a san ya tsorata ya faɗa kwazazzabo, ya karye, ya fara fitar da rai. Mai kiwon ya ruga gari. Babu namiji kusa sai Kawu, yana bisa gonarsa. Wasu mata masu yankan ciyawa sun ji taubashin yana ihu, “Bawana! Bawana, don Allah wuƙa!”

Kawu ya zo, ba da gudu ba. Wannan kaɗai ya isa labari, don ba a taɓa ganinsa ya je wa dabba da tafiya ba. Ya tsaya bakin kwazazzabon, ya sa hannu a kube, ya ciro farin mariƙin nan da ba ƙarfe, ya jefa masa.

“Riƙe wagga kahin a kawo.”

Taubashin ya duba abin da ke hannunsa ya ce, “Don girman Allah, wanga lokacin wasa na?”

Kawu ya ce, “Ashe yana da lokaci? Ba ka hwaɗa min ba.” Ya zauna a kan dutse har san ya gama.

Matan sun saɓa a kan ko yana da wata wuƙa tare da shi. Wata ta ce babu, wata ta ce ta ga ta kasuwar a ƙugunsa. Na so ƙwarai in rubuta babu. Amma na tambaye shi da bakina, ya ce, “Akwai.” Liman ya kira shi ya yi masa faɗa sosai, ya ce dabbar ba ta yi masa laifi ba, kuma naman da ya bari ya lalace akwai rabon talakawa a ciki. Kawu bai musa ba. Ya yi azumi, ya yanka tunkiyarsa ya raba. Da liman ya ce to ya je ya nemi gafarar mai san, sai ya ce, “San na roƙa, malam. Mai san shi kai ƙara in ya so.” Ya kuwa kai. Dattawa suka ba shi amsar da suka taɓa ba Kawu, wasan taubashi ne.

Ban ce Kawu ya yi daidai ba. Amma in na ce na ji tausayin mutumin, ƙarya na yi.

Daga ranar ba su sake gaisawa ba, a iya sanin Inna da matar Kawu. Inna ta ce a cikin jinyarsa ta tambaye shi ko a aika a kira taubashin a yafi juna, kamar yadda ake yi. Ya zare kuben daga damtsensa, karo na farko da ta ga hannun ba shi, ya ba ta. Ya ce, “In ta shiga nan, na yahe. In ba ta shiga ba, mu gamu can.” Wannan ita ce yafiyar da ake cewa an yi.

Ranar sadakar bakwai taubashin ya dawo da rago. Ana cikin gaisawa Inna ta fito, ta ratsa tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwance farin dokin daga turke ta ja shi za ta shiga gida. Taubashin ya miƙe yana murmushin yaƙe.

“Ke baiwata, mi ke nan?”

Ta juyo ta ce, “Wasa na. Ko ni ba taubashiyarka ba ta? Ka san abin hwansa.”

Ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, “Tun kakanni dai…” bai ma ƙarasa ba wani daga baya ya fashe da dariya. A bisa jakin aro taubashin ya koma.

Kafin arba'in ya aiko da wuƙa naɗe a farin ƙyalle, ya ce ita ce, da ƙyar ya karɓo ta. Baƙa ce, mariƙin marke, wanda ya yi ta ya yi ƙoƙari. Inna ta karɓa. Ta ɗauko kuben ta zura ta a gaban manzon da liman. Wuƙar ta tsaya a rabi. Ni kuma na duba mariƙin, sumul yake, ba yatsan da ya taɓa cin sa. Inna ta naɗe ta mayar.

Dokin na nan a gidan Kawu. Ni ke sayen harawarsa, kuma ba zan ɓoye ba, ina tsoron inda abin zai kai, don mutumin yana da fada a wurin manya, ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne. An kuma ce Anasaran ya fara sa kayansa a akwatuna, zai koma ƙasarsu. Na ba Inna shawara ta sassauta. Ta ce in koma lakwal in kula da 'ya'yan mutane. Ban sake matsa mata ba, don can ƙasan raina ba na so ta saki.

Allah ya gafarta wa Kawu abin da ya yi wa san, ya saka masa da duk wadda ya ceta, ya sada shi da ɗiyarsa.

Abin da nake roƙo shi ne wannan. Yanzu mutumin yana yawo yana cewa wadda ya aiko ita ce ta ainihi, fatar kuben ce ta tsuke don tsufa, kuma wai Kawu da kansa ya ce a sayar. Duk wanda Kawu ya taɓa yanka wa dabba, daga Allakaye har Urno da Galma, wanda ya ga wuƙar nan ko ya riƙe ta, ko yana kasuwa ranar da aka zare ta, ya taimaka ya aiko mini da abin da ya sani, ko da ya saɓa wa abin da na rubuta. In na sa wata shekara a gurbin wata, ko na ƙara wa Kawu abin da bai yi ba, ko na rage masa, a gyara mini, zan karɓa da godiya. Ana samuna a lakwal a Madawa, ko a ba duk mai zuwa kasuwa saƙon baki.

In kuwa taubashin ne yake da gyara, shi ba sai ya aiko da magana ba. Kuben na wurin Inna. Ya kawo abin da zai shiga.